Kwaɗo Ko Kwalta: Gardamar Dajin Atewa

Kawuna ya fi shekara talatin yana sayar da albasa a Accra. Ranar da na gaya masa a waya cewa ina rubutu a kan wani kwaɗo na ƙasar Gana, sai da ya yi dariya har da tari.

"Kai ɗan nan, duk abin da ya dami duniya, kwaɗo ka ga dama? Mu nan hanya muke nema. Mota ta kwana uku a laka, rabin kaya ya ruɓe."

"Kawu, ai zancen kwaɗon nan da na hanyar taku a haɗe suke."

"To Allah ya ba da sa'a. Bari in je, famfo ya kawo ruwa, yara sun fita da jarkoki tun ɗazu."

Ya kashe waya bai san ya taɓo bakin gardamar duka biyu ba, wato kwaltar da yake nema da ruwan da ya tashi tara.

Kwaɗon da nake magana ba burduddugin fadama ba ne mai cika dare da kwarmato bayan ruwan farko. Wannan ɗan tsauni ne, jikinsa duhu-duhu, girmansa bai wuce tafin hannun yaro ba, idanunsa a ɗage saman kai, yatsun ƙafarsa a haɗe da fata har ƙarshe saboda iyo a ruwa mai gudu. Fatarsa santsi gare ta kamar an shafa mata karkashi, kama shi sai mai haƙuri. Da dare yake fitowa ya lafe jikin dutse a bakin rafi, motsi kaɗan ya faɗa ruwa. Danginsa ba su da jakar maƙogwaron nan da sauran kwaɗi ke kumburawa, don haka kukansu ya fi kama da fito. Ɗan'uwansa na kusa shi ne ƙaton kwaɗon Kamaru wanda ya fi kowane kwaɗo girma a duniya, mai haura kilo 3.

Gidansa dajin Atewa ne, a Yankin Gabas na Gana, ƙasar Akyem Abuakwa, kusa da garin Kyebi. Jerin tuddai ne da ke haura mita 800, an killace su tun 1926, faɗinsu ya ɗan haura hekta 23,000. Irin dajin tudu ne da ba ya kaɗe ganye rani da damina, hazo na kwana a kansa. A duk faɗin duniya, a 'yan rafuka kamar biyar na arewacin wannan daji kaɗai aka san kwaɗon nan yana rayuwa. Masana suna lissafa shi a matakin da daga shi sai ɓacewa, a ma'aunin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN.

Yadda aka gano shi ma labari ne. A 1972 wani masani ya bayyana wani kwaɗo mai santsi daga Misahöhe a tsaunukan Togo, aka sa masa Conraua derooi. Daga shekarun 1980 aka daina ganinsa, har wasu suka fitar da rai, sai a 2005 aka sake cin karo da shi a tsaunukan iyakar Togo da Gana. A 2006 masu bincike suka shiga Atewa suka ga kwaɗo mai kama da shi, aka yi murna an sami gida na biyu. Abin dariya, wancan binciken da kuɗin kamfanin Alcoa aka yi shi, kamfanin alminiyam da ke leƙen ma'adinin dajin a lokacin. Sai a 2021, bayan an auna jiki, an saurari kuka, an duba ƙwayoyin gado, aka tabbatar na Atewa jinsi ne daban, aka raɗa masa Conraua sagyimase, da sunan ƙauyen Sagyimase da ke gindin dajin. Murna ta koma ciki: da ana ganin jinsi ɗaya ne mai gida biyu, ashe jinsi biyu ne, kowanne da gida ɗaya tak.

To, ƙarƙashin saiwoyin wannan daji akwai jar marmara mai suna boksayit, wadda daga ita ake samun alminiyam. Nan aka rabu gida biyu.

Masu cewa a haƙa ba mahaukata ba ne, kuma duk wanda ya ɗauke su haka bai san tarihin Gana ba. Tun 1914 wani Baturen binciken ƙasa, Albert Kitson, ya gano boksayit a ƙasar. Da Kwame Nkrumah ya tashi gina madatsar Akosombo, wadda aka gama a 1965, burinsa shi ne Gana ta haƙo marmararta, ta tace ta, ta narka ta da wutar kogin Volta, ta sayar da alminiyam ba ƙasa ba. An gina masana'antar narkarwa ta VALCO a Tema, ta fara aiki a 1967. Amma matatar da ke tsakiya, mai mayar da marmara farar hodar da ake narkawa, ba a taɓa gina ta ba. Sai aka wayi gari VALCO na shigo da hodar daga waje, ita kuma marmarar da ake haƙa a Awaso tun shekarun 1940 ana loda ta ɗanya a jirgi a Takoradi a kai wa wasu. Shekara sittin ke nan ana wannan aikin baban giwa. Ɗan Gana da ya ce ya isa haka, yana da gaskiyarsa.

A 2018 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta kafa hukumar GIADEC don ta haɗa wannan sarƙa da ta tsinke, ta kuma ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 2 da kamfanin Sinohydro na ƙasar Sin: a gina hanyoyi da gadoji yanzu, a biya daga baya da kuɗin tatacciyar marmara. Shi kansa Akufo-Addo, shugaban wancan lokacin, asalin gidansu Kyebi ne, kuma ya sha cewa ana iya haƙar ba tare da an kashe dajin ba. Magoya bayansa suna tambaya, mutum zai sa wa gidan ubansa wuta? Suna kuma da wata magana mai ɗaci. Ƙasashen da ke aiko da wasiƙun a ceci Atewa sun sare nasu dazuzzukan tun kaka da kakanni, sun gina arzikinsu a kai, yanzu kuma suna so talakan Afirka ya zama mai gadin gandu, cikinsa ba komai. Motar da ke ɗauke su da jirgin da ke kai su taron muhalli duk alminiyam ne. Mu ma kada mu cire kanmu. Tukunyar sanholon da ake dafa tuwon biki, kwanon rufi, firam ɗin taga, buta, gwangwanin lemo, wayar da ke kan turakun wuta, kowanne daga wani tudu aka kankaro shi, a wata ƙasa, inda wataƙila akwai wani kwaɗon da ba wanda ya tsaya raɗa masa suna.

Hujjarsu da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta uku. Suna cewa ku daina magana kamar Atewa budurwar daji ce da ba a taɓa ba. Masu zarton inji suna shiga da dare su sare katako. Mafarauta suna ciki. 'Yan haƙar zinariya ta bayan fage, waɗanda ake kira galamse, sun riga sun mayar da kogin Birim kamar kunun kanwa, sun kuma fara hawa gindin tuddan. Waɗannan ba su biyan haraji, ba su cike rami, ba wanda zai kai su kotu don ba a san ofishinsu ba. Kamfani mai rajista kuwa ana iya shata masa iyaka, a ce nan ka taɓa, nan kada ka taɓa, a ci shi tara idan ya saɓa. Idan dajin zai tafi ko ta yaya, in ji su, gara ya tafi ya bar asibiti da kwalta.

Masu cewa a bari suna fara amsa ne daga yadda ake haƙar kanta. Boksayit ba zinariya ba ce da za a bi jijiyarta ta rami. Shimfiɗe take kamar tabarma a saman tudu, 'yan mitoci ƙasa da ciyawa. Kafin a kai gare ta sai an sare itatuwa, an ture ƙasar sama da katafila, sannan a kankare marmarar a loda. Ba a ɗebo ta a bar daji a tsaye, kamar yadda ba a zare tabarma a bar mai barci a kwance. Kuma ita wannan marmara, da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganyen da ke kanta, ita ce soson da ke shanye ruwan sama ya riƙa tsattsafowa a hankali har cikin rani. Idan aka cire soson, ruwan damina zai kwararo gaba ɗaya da jar laka, rani kuma rafi ya ƙafe.

Ga kwaɗon, wannan ƙarshen zance ne. Ta fatarsa yake shan iska da ruwa. 'Ya'yansa a ruwa mai gudu, mai sanyi, garai-garai suke girma, suna manne da duwatsu suna kankarar abin da ya tsiro a kai. Laka ta rufe dutsen, abinci ya ƙare. Inuwa ta tafi, ruwa ya ɗumama. Ba sai katafila ta taka rafin ba, ya isa a yi aiki a samansa. Kuma ba shi da inda zai yi ƙaura, domin ƙasan tudu gonakin koko ne da ramukan galamse. Don haka alƙawarin cewa za a bar wa namun daji wani yanki bai warware komai ba: marmarar a saman tudu take, idon rafin ma daga can yake fitowa.

Akan kawo misalin Ostireliya ta Yamma, inda Alcoa ke sake dasa daji bayan haƙa. Dajin can na busasshiyar ƙasa ne, itace iri ɗaya ya rinjaye shi, kuma ko can ana gardama ko abin da ya tsiro ya kai na da. Atewa kuwa malam-buɗe-littafi kaɗai ya fi iri 500, har da wanda ba a samu ko'ina sai can. A 2017 kyamarar da aka ɗaura a jikin itace ta ɗauko wani biri mai farar ƙeya da ba a san yana dajin ba. A 2018 aka bayyana wani ɗan mitsitsin kwaɗo sabo daga fadamun saman tudun. Wurin da har yanzu ba a gama ƙirga abin da ke cikinsa ba, wa zai yi rantsuwa zai mayar da shi yadda yake? Misalin da ya fi kusa shi ne yankin Boké na ƙasar Gini, inda rahoton Human Rights Watch na 2018 ya kawo koken ƙauyawa kan gonakin da suka rasa, da jar ƙura, da rijiyoyi da rafukan da suka lalace. Gani ya kori ji.

Sai ruwa, wanda shi ne babban makamin wannan ɓangare. Koguna uku ne ke fitowa daga Atewa: Densu da Birim da Ayensu. Masu fafutuka suna ƙiyasta mutum miliyan 5 ne ke sha daga gare su. Densu ne ke cika madatsar Weija, wadda ke shayar da babban ɓangare na Accra, birnin da zangunan Hausawa suke tun zamanin fataucin goro. Rawayen jarkokin da yaran kawuna suka fita da su, waɗanda mutanen Gana ke kira galan ɗin Kufuor don tunawa da ƙarancin ruwan zamanin mulkin tsohon shugaban ƙasa Kufuor, shaida ne cewa birnin ba shi da rarar ruwan da zai yi caca da ita. A watan Maris na 2018 mutanen yankin suka yi tattakin kilomita 95 cikin kwana shida har fadar shugaban ƙasa. A 2019 katafila ta shiga dajin ta buɗe hanyoyin gwaji. A 2020 ƙungiyar A Rocha Ghana da wasu suka kai gwamnati babbar kotun Accra, IUCN kuma ta zartar da ƙudurin a dakatar da haƙa a mayar da dajin gandun ƙasa. A 2021 kamfanonin BMW da Tetra Pak da Schüco suka nuna ba su son alminiyam ɗin da ya fito daga Atewa. Wannan na ƙarshe ya fi zanga-zanga ciwo, don haja ba mai saye ba haja ba ce.

Akwai kuma lissafi. Ƙiyasin hukuma ya sa boksayit ɗin Gana a kimanin tan miliyan 900, kuma mafi yawansa, wajen miliyan 700, a Nyinahin yake cikin ƙasar Asante. Na Kyebi bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ke nan burin Nkrumah bai rataya a kan Atewa ba. Da na fara ganin wannan lissafi na ɗauka gardama ta ƙare. Sai na duba taswira na ga marmarar Nyinahin ta shiga dajin Tano Offin, wanda shi ne ɗaya babban dajin tudu irin na Atewa da ya rage wa ƙasar. Wanda ya ce a bar nan a je can, ya sani ba hannunsa ya wanke ba, zaɓa ya yi wanda za a yanka. Ina ganin zaɓin yana da hujja, tunda Atewa ce ke riƙe da ruwan babban birni da jinsunan da babu su a wani wuri, amma a faɗe shi da sunansa.

Wani abu kuma yana damuna game da ɓangaren da zuciyata ta fi karkata gare shi. Da zarar an ce kwaɗo aka ga mutane sun fara murmushi, sai a yi maza a ce a'a, ruwa muke nufi. Dabara ce mai kyau, amma tana da rami. Idan gobe aka ja bututu daga tafkin Volta aka wadata Accra, shi ke nan kwaɗon ya rasa mai tsaya masa? Ni ban yarda haƙƙinsa na zama a duniya ya dogara ga famfon wani ba. Mu da muka tashi muna jin malamai na kawo hadisin da ke cikin Abu Dawuda, inda wani mai magani ya nemi izinin sa kwaɗo a haɗinsa aka hana shi kashe shi, bai kamata wannan ya zame mana baƙon tunani ba. Can kwaɗo ɗaya ake magana, don magani ma. Nan kuwa iri ne sukutum, wanda idan ya tafi babu kuɗin da zai dawo da shi. Binciken duniya na 2023 ya nuna kashi 41 cikin 100 na jinsunan kwaɗi da danginsu suna fuskantar ɓacewa, fiye da tsuntsaye, fiye da masu shayarwa. Kuma ba wanda ke jin tafiyarsu, sai dai wata damina a lura rafi ya yi shiru.

Sai dai tausayi ba ya biyan kuɗin makaranta, kuma nan ne masu kare daji suke da bashin amsa. Saurayin Kyebi da ya gama sakandare ba aiki, aka ce masa kada ya yi galamse, kada ya sari katako, kamfani ma ba zai zo ba, me aka ba shi? An yi wani nazari a 2016 da ya nuna mayar da dajin gandun ƙasa, tare da tallafa wa yankin da ke kewaye, zai fi haƙa riba idan aka yi dogon lissafi. Na yarda. Amma ribar ruwa mai tsabta a Accra ake cin ta, shi kuwa mai gadin a Sagyimase yake kwana. Muddin mai buɗe famfo a birni ba ya biyan ko sisi ga ƙauyen da ya bar itacensa a tsaye, roƙo ake yi, ba ciniki ba.

An gwada wani abu a Amedzofe, can Yankin Volta, inda ɗan'uwan wannan kwaɗo na iyakar Togo yake. Mutanen wurin sun daɗe suna cin sa. Wani masanin kwaɗi ɗan Gana, Caleb Ofori-Boateng, wanda ke cikin waɗanda suka bayyana na Atewa, ya bi coci-coci da fadar sarakuna yana magana, har al'umma suka ba da filinsu aka kafa mafakar Onepone a 2018. Aka samar wa mutane ruwan sha don su rage shiga rafin, aka ɗauki tsofaffin mafarauta aikin gadi, daga baya aka yi gadar igiya ta masu yawon buɗe ido. A 2019 ya sami lambar yabo ta Whitley kan wannan aiki. Abin ya yi kyau, amma a Amedzofe abokin gardamar tukunyar miya ce. A Atewa dala biliyan 2 ce da hukumar gwamnati.

Da na ɗora hujjojin a sikeli, abin da ya rinjayar da ni shi ne bambancin kuskuren biyu. Idan aka bar Atewa kuma ya zamana masu haƙa ne ke da gaskiya, marmarar tana nan, ba ta ruɓewa, ba ta gudu, jikoki za su same ta da fasahar da ta fi ta yau. Idan aka haƙa kuma ya zamana masu bari ne ke da gaskiya, babu gyara. Ga shi kuma tarihi bai goyi bayan alƙawarin ba. Awaso ta shekara tamanin tana ba da marmara, layin dogon da ke kai ta Takoradi ya lalace, manyan motoci ne ke jigilar ta suna farfasa kwaltar da ake cewa ma'adini zai kawo. Matatar da aka yi alƙawari tun zamanin Nkrumah ita ya kamata a fara gani a tsaye kafin a taɓa tudu ɗaya a Atewa. Bashin da aka ci da sunan marmarar da ba a haƙo ba kuwa, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma Gana ta ɗanɗana wannan a Disamban 2022 da ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje ta koma hannun IMF. Hujjar cewa galamse na cin dajin ma, idan aka juya ta, kan masu ita take faɗawa: hukumar da ta kasa korar mai shebur da injin ban-ruwa, ita ce za ta tsawata wa kamfanin da yake bin ta bashin hanya da gada?

Na sake kiran kawu bayan mako biyu na karanta masa wani ɓangare. Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai har yanzu hanya yake so, amma bai san ruwan Weija daga wani tudu yake gangarowa ba, ya ɗauka daga madatsar yake farawa. Ya tambaye ni ko kwaɗon ana cin sa. Na ce na Volta dai an ci, har ya kusa ƙarewa. Ya ce to su bar na Kyebi, guda nawa ne ma. Na ce rafi biyar. Ya ce, "Rafi biyar kacal?" Daga nan wani ya zo taya buhun albasa, ya ce zai kira ni da dare.